Ashe Mama baƙuwa ce a Trikania

Mun tashi da asuba ranar Litinin daga Kafanchan, ana yayyafi, ni da 'yar ƙanen mahaifina wadda take aikin jinya a garin. Ita ta riƙe lema da kular abinci, ni kuma na rungume wata jakar leda kamar mai ɗauke da jariri. A cikin ledar akwai takardar asalina ta ƙaramar hukuma, da wasiƙar dagacinmu, da wani tsohon hoton biki da na ciro daga bangon ɗakin mahaifiyata. Ban san wanne za a nema ba, shi ya sa na kwaso duka.

Bari in faɗa muku abin da ya tayar da mu, don masu tambaya ko sace ni aka yi da suka ji ni shiru kwana biyar su huta. Mahaifiyar abokiyar tafiyata, wadda dukanmu muke kira Mama, tana zaune a Trikania, kudancin Kaduna, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Matar ƙanen mahaifina ce, wanda muke kira Baba Ƙarami, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ya rasu bara waccan, bayan shekara huɗu yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. A gidansu na yi sakandare, Mama ce ta ciyar da ni har na gama. Kowa ya san asalinta 'yar Kamaru ce daga wajen Bamenda, amma mun san hakan ne kamar yadda muka san maƙwabciyarta 'yar Binuwai ce. Ba mu taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

To, ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, ta kwanta asibiti a Yawunde, likitoci suka ce a sanar da dangi. 'Ya'yan Mama suka ce ƙafafunta ba za su ɗauki doguwar tafiyar mota ba, jirgi za ta hau. Ta je yin fasfon Najeriya, ta rubuta garin haihuwarta a fom kamar yadda yake, sai aka ce ta kawo takardar shaidar zama 'yar ƙasa. Ta ce ai mijinta ya gama wannan tun tana goyon fari. Aka duba, aka ce ba a ga sunanta ba, ta dawo da takardunta da wani daga dangin miji. Ni ne babban namijin da ya rage a gidanmu, shi ya sa leda ta faɗo hannuna. A raina na ɗauka kuskuren rubutu ne, aikin yini ɗaya, in sa hannu in dawo.

Kuɗin mota ya kusan ninka abin da na biya bara, kuma duk da haka mutum biyu aka cusa a gaba. Daga Zonkwa zuwa Kachia damina ta cinye kwalta a wurare da yawa, direba yana ta lanƙwasa kamar mai gudun maciji. A Kachia ya kashe mota ya ce ba zai shiga dajin gaba ba sai rana ta ɗaga, motoci sun taru a tafi a jere. Ba wanda ya yi masa gardama. Muka sauka muka ci masa da kunun gyaɗa mai zafi, muka tambayi kuɗin citta, muka mayar da ita inda muka ɗauko. Mai sayarwar ta ce yanzu citta ta zama gwal, wanda ya ga dama ya saya, wanda bai ga dama ba ya sha shayinsa lami.

Shingayen jami'an tsaro kuwa na ƙirga har na gaji. A ɗaya daga ciki, bayan Kufana, wani jami'in shige da fice ya leƙo yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani dogon mutum baƙi wuluk da ke bayanmu, ya ce ya faɗi garinsu. Mutumin ya ce Numan, ya ƙara da sunan unguwa da na mai unguwa, har da kifin da ake kamawa a can. Duk motar ta fashe da dariya, ni ma na yi. Da na san abin da ke jirana da na rage sautin tawa.

Mun sauka Sabon Tasha wajen sha ɗaya da rabi. Garin yana nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙara cika. Masu keke sun toshe hanya suna zagin juna da Hausa da Turancin kasuwa, coci uku a layi ɗaya kowace ta saki lasifika duk da Litinin ce, mata 'yan Binuwai sun jera doya kamar katanga. Muka hau keke zuwa Trikania ta Kakuri. Masaƙun da a da in an busa tashi sai titi ya cika da kekuna da mutane, yanzu ciyawa ta fi katangarsu tsawo, wani ma ya shuka masara a inda motocin ma'aikata suke tsayawa.

Mun tarar da Mama a tsakar gida tana daka gwaza. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma sai da ta zaunar da mu muka ci sakwarar gwaza da miyar nan tata mai ruwan ɗorawa. Shekara da shekaru ina cin miyar nan ina kiranta miyar Mama, ranar ne kawai ya faɗo mini cewa ban taɓa ganinta a wani gida a Kaduna ba.

Da muka gama na ce a kawo takardun Baba Ƙarami. Ta ce suna cikin akwatin ƙarfe a saman kabad, ba ta taɓa buɗewa ba, domin tun yana raye shi kaɗai yake taɓa shi, bayan ya rasu kuma ba ta da ƙarfin zuciyar. Makulli ya ɓace, sai da muka ɓalle kwaɗon da guduma.

Jama'a, abin da na gani a akwatin nan har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. A sama akwai takardun masaƙa da na fansho. A ƙarƙashinsu akwai fasfon Mama na Kamaru, wanda ya mutu tun tuni. Sai wasu katunan izinin zama na baƙi, an ɗaure su da roba, kowanne da hoton Mama, tun tana da kitso har ta fara furfura. Na ƙarshensu ya ƙare shekara shida da suka wuce, daidai shekarar da ciwo ya kayar da shi. A can ƙasa kuma, cikin ambulan mai ruwan ƙasa, ga fom ɗin neman zama 'yar ƙasa. An cike shi tsaf da rubutun Baba Ƙarami, ya sa hannu, an maƙala hoton wata yarinya mai ɗankunne da allurar da ta yi tsatsa har ta ɓata takardar. Babu hatimi, babu alamar ya taɓa shiga wani ofis.

Mama ta karɓi katunan tana juya su. Ta ce, “Wannan ai hoton da ya ce na fansho ne. Wannan kuma ya ce na asibitin ma'aikata ne.” Ashe duk bayan 'yan shekaru sai ya ɗauke ta a babur, ya kai ta ta yi hoto, ta dangwala yatsa a wani ofis, ya saya mata tsire a hanya su dawo. Ita aji huɗu na firamare ta yi, shi kuma mutum ne da ba ta taɓa kama shi da ƙarya a kan ko sisi ba. Me zai sa ta tambaya? 'Yarta, wadda take ganin jini da gawa kullum a wurin aiki, ta zauna a ƙasa ta rufe baki da hannu biyu. Ni kuwa na tsaya riƙe da guduma kamar wawa.

Washegari Talata muka koma Sabon Tasha wurin wani dattijon coci da ya yi ritaya daga aikin shige da fice. Faston su Mama ne ya haɗa mu da shi. Mun same shi a bayan gida yana ba kaji dusa. Ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya jera takardun a kan benci yana duba su a hankali, yana girgiza kai. Shi ya fara buɗe mana ido. Ya ce aure ba ya mayar da mutum ɗan ƙasa da kansa, ko da an haifi 'ya'ya goma. Matar da ta auri ɗan Najeriya tana da damar nema, amma sai an nema, an kai, an amince, an ba ta shaida a hannu. Kafin nan baƙuwa ce mai zama da izini, izinin kuma yana mutuwa kamar lasisin tuƙi. Ya ce ita ma da sauƙi. Da namiji ne ya auri 'yar Najeriya, wannan gajeriyar hanyar ba tasa ba ce, sai ya bi doguwa. Wanda kuma kamfani ya kawo, izininsa a ɗaure yake da aikin, ranar da aikin ya ƙare ranar zamansa ya fara tangal-tangal.

Na tambaye shi, to yanzu fa? Ya ce a idon doka Mama ta yi shekara shida a ƙasar nan ba da izini ba. In ta je filin jirgi a haka, ko da ta samu takardar tafiya daga ofishin jakadancin ƙasarsu, za a iya tsare ta da tambayoyi da tara, kuma fita ba ita ce matsalar ba, dawowar ce. Mama, don ta nuna masa ita ba baƙuwa ba ce, sai ta kwance bakin zani ta ciro katin zaɓe, ta ce ta bi layi ta jefa ƙuri'a ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Dattijon ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, “Mama, don girman Allah mayar da shi inda kika ciro. Mu gama da ciwon kai ɗaya tukuna.” Shi ne kawai lokacin da muka yi dariya a ranar, ita ma ba ta daɗe ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne dalili. Mutum ya cike fom, ya sa hannu, ya ɓoye shi kusan shekara arba'in, yana kuma wahalar sabunta kati a ɓoye. Me ya sa? Mama ta ce in akwai wanda ya sani a duniya, abokinsa ne da suka yi aiki a inji ɗaya, wanda yanzu yake sayar da doya da manja a bakin titi a Gonin Gora. Muka hau bas tare da ita zuwa can da rana tsaka. Gonin Gora ita ce bakin Kaduna ga mai zuwa daga Abuja: tireloli sun yi layi, masu gasa masara da ayaba suna bin motoci da gudu, ƙura da hayaƙi sun haɗu da ƙamshin kifi. Mun sami tsohon a ƙarƙashin rumfar buhu. Da ya ga ambulan ɗin a hannuna, tun kafin in yi magana ya cire hularsa.

Ya ce tare suka hau jirgin ƙasa zuwa Legas da fom ɗin, domin a wancan zamanin can ake kai irin wannan. A layi wani ɗan Kamaru ya gaya wa Baba Ƙarami cewa ƙasarsu ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, ranar da matarsa ta karɓi ta Najeriya, ta saki ta gida. Shi kuwa ranar da ya je ɗaukar amarya, surukinsa ya riƙe hannunsa ya ce ya ba shi 'yarsa, amma kada ya rufe mata ƙofar gidan ubanta. Sai ya fita daga layin. Suka kwana biyu a Legas suna yawo, suka dawo. Da suka iso Trikania maƙwabta sun taru, an dafa shinkafa ana jiran labari, wani ya tambaya ko an gama, bakinsa ya suɓuce ya ce an gama.

“Na yi ta ce masa ya gaya miki,” in ji tsohon, yana kallon ƙasa. “Ya ce in ya gaya miki za ki ce a kai saboda yara, shi kuma ya karya wa mahaifinki alkawari. Da farko alkawari ne ya hana shi. Daga baya kuma, gaskiya, kunya ce.”

Ya cika mana leda da doya, Mama ta ƙi taɓawa, ni na ɗauka. Sai da muka shiga keke muka kusa gida ta yi magana, ba kuma da mu take ba. Ta ce shekara huɗun da ya yi a kwance bakinsa a karkace, kullum sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna saman kabad yana gurnani, hawaye na zuba. Ta ce ta ɗauka kwat ɗinsa na coci yake so, ta sauko da shi. Wata rana ta ɗauka ƙadangare ya gani. “Yana nuna mini akwati, ni kuma ina ba shi ruwa,” in ji ta. Mai keken ma rage gudu ya yi.

Ranar Laraba muka haye gadar kogin Kaduna zuwa ofishin shige da fice. Na tafi da shirin faɗa, amma ban sami wanda zan yi da shi ba. Matar da ta karɓe mu ta ba Mama kujera, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ba ita ce ta farko ba, gwauraye irinta suna zuwa, mazan sun tafi da sirrin takardu kabari. Ta rubuta mana abin da za a kawo: sabon fasfo daga ofishin jakadancin Kamaru a Abuja, takardar aure, takardar mutuwar miji, wasiƙar dangin miji, rantsuwar kotu da ke bayyana dalilin shekarun da aka tsallake, da sababbin hotuna. Na tambaye ta kwana nawa. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, a lissafa makonni. 'Yar Mama ta ce ƙanwar mahaifiyarta ba ta da makonni. Matar ta ce za ta sa fayil ɗin a sama, iyakar ikonta ke nan.

Layin ofishin nan kansa makaranta ne. Ga 'yan Sin biyu da tafintansu, ga wata sista 'yar Indiya da farin lulluɓi tana jan carbinta, ga wani Bature da ya yi jajur saboda zafi. Kusa da ni wani tsohon Balarabe ne, irin waɗanda muke kira Kwara, Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Ya ce a Kaduna aka binne cibiyarsa, mahaifinsa ma a nan yake kwance, amma har yau sai ya zo ya nemi izinin kwana a ɗakinsa. Ya faɗa yana dariya, fayil ɗinsa kuwa ya kai kaurin bulo. Mu da muke jin labarin 'yan'uwanmu a Turai da Saudiyya suna ɓuya saboda biza, ban taɓa kawo wa raina cewa a garin nan ma akwai masu kwana da irin wannan fargaba ba, balle a ce ɗaya daga cikinsu ita ta raine ni.

Muna fitowa, a can gefen titi wajen masu hoto da buga takardu, wani mutum mai taye da jaka ya biyo mu. Ba ma'aikacin wurin ba ne, irin masu shawagin nan ne da ke karanta damuwa a fuskar mutum. Ya ja ni gefe ya ce ya ji matsalarmu, kuma wahalar banza muke yi. Ga ni da wasiƙar dagaci, ga takardar asali. Abin da ya rage kawai in yi rantsuwa cewa a ƙauyenmu aka haife ta, shi zai samo mata takardar asali kafin gobe da yamma, a je wani gari a yi fasfo cikin gaggawa. Ya ce, “Oga, dubi matar nan. Wa zai ce ba 'yar Kudancin Kaduna ba ce? Hausarta ta fi ta wasu ciyamomi.”

Ba zan ɓoye muku ba, na yarda. Ni da nake koyar da yara a makarantar Lahadi, a tsaye a wurin na gama shirya ƙaryar a kaina, har da sunan unguwar da zan ce an haife ta. 'Yarta ma ta ce mu yi, in ya so Allah ya yafe mana. Muka je muka gaya wa Mama a hankali, muna tsammanin za ta yi murna.

Ta dube ni kamar ranar da ta kama ni da sigari ina aji uku. Ta ce, “Ɗana, ubana yana kwance a bayan gidanmu a Bamenda. Kana so in ɗaga Littafi in ce ba shi ya haife ni ba, don in je in ga 'yarsa? In na isa in ce mata ni wace ce?” Na ce Mama, lokaci ne ba mu da shi. Ta ce, “Ƙarya ɗaya ta kawo ni nan. Ba zan hau ta biyu in tafi ba.” Ta juya ta tare keke da kanta. Mai tayen ya bi mu yana rage farashi har sai da keken ya tashi.

Da yammar ranar aka kira asibitin Yawunde ta bidiyo. Ƙanwar ba ta iya magana sosai, an sa mata robar iska a hanci. Mama ta riƙe wayar da hannu biyu tana yi mata magana da yarensu, yaren da a shekara shidan da na yi a gidan ban taɓa jin ta yi jimla uku a jere da shi ba. Sai ga shi yana zuba kamar an ɓalle famfo. Har waƙa ta yi mata. Mu da 'ya'yanta muka zauna muna kallo, ba wanda ya fahimci kalma ɗaya.

Alhamis da safe muka je kotu na yi rantsuwa, ta gaskiya, na sa hannu a wasiƙar dangi cewa matarmu ce, uwarmu ce, gidan Trikania gidanta ne. Daga nan muka shiga wani ɗan shagon hoto a Kakuri. Mama ta sa farar rigarta ta zumuntar mata, ta zauna a kan kujera gaban farin ƙyalle. Mai hoton yana gyara fitila sai wayar 'yarta ta yi ƙara. Ta fita waje ta amsa, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Fuskarta kaɗai ta gaya mana ƙanwar Mama ta cika.

Mama ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Na ce mu tafi gida, a yi hoton wata rana. Ta girgiza kai. Mai hoton, bawan Allah, ya rasa yadda zai yi, ya ce a hankali, “Mama, ki yi haƙuri, in ido ya kumbura ko da hawaye, ofis ba sa karɓa.” Ta ce a ba ta ruwa. Ta wanke fuska a bakin shagon, ta goge da gefen zani, ta gyara ɗankwali, ta dawo ta zauna, ta ɗaga kai ta kalli kyamara. Ya ɗauka. Sai da ya ce ya yi, sannan ta saki kukan da ya sa masu shagunan layin suka fito.

Dangin can suka ce a al'adarsu ba a gaggawar binne babba, za su ajiye gawar a asibiti su jira ta. Wannan ne ya ɗan riƙe ta. Gidan ya cika da matan coci da maƙwabta, har da Hajiyar da suke sayen manja tare a kasuwa, wadda ta hayo gada da tukunyar fate. Na ji wata tana tambayar wata wai da gaske ne Mama ba 'yar ƙasa ba ce, ɗayar ta ce to in ita ba 'yar ƙasa ba ce, mu su wane ne?

Juma'a na kamo hanyar gida ni kaɗai, 'yarta ta tsaya don ta raka ta Abuja. Ruwa aka yi ta yi tun daga Kujama har Kachia, gilashi ya yi hazo, fasinjoji suna ta musun siyasa. Na isa Kafanchan da la'asar. Ko takalmi ban cire ba na sauko da tawa jakar takardun, na kira matata, na zazzage su a kan tabarma: na fili, na aure, na haihuwar yara, na fansho, na banki. Na ce ta karanta kowace da bakinta. Shekara goma sha tara muna tare, ashe ba ta san a wane suna aka rubuta filin da muke zaune a kai ba. Ta tambaye ni ko likita ya gaya mini wani abu ne. Na ce a'a, lafiyata ƙalau, shi ya sa ma nake yi yanzu da bakina yake aiki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Mutum zai iya shekara arba'in a unguwa, ya haifa, ya aurar, ya binne miji, kowa ya san shi, amma takarda ba ta san shi ba. In kuna da baƙo a gida, mata ko miji ko suruki, ku duba ranar da izininsa zai ƙare, kada ku dogara da an ce an gama. Kuma duk takardar da ke ɗauke da sunan mutum, hakkinsa ne ya san da ita, ko da kana ganin ɓoyewar ƙauna ce. Ban daina ganin girman Baba Ƙarami ba, amma na ga abin da shirunsa ya ci.

Yau mako biyar da dawowata. Shekaranjiya 'yar Mama ta kira ni, fasfon Kamaru ya fito, an daidaita zamanta, Asabar za ta hau jirgi ta je ta binne ƙanwarta, kuma tana da damar dawowa ɗakinta. Matar ofishin ta tambaye ta ko in ta dawo za ta cike sabon fom na zama 'yar ƙasa, tunda har yanzu ƙofa a buɗe take. Mama ta ce za ta yi tunani a can, a gaban kabarin mahaifinta. Ta ce ko ta cike ko ta bari, wannan karon ita za ta riƙe biro.